Baffa ya riƙe kamfanin mahaifinmu: kotu za ta iya sauke shi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba. Ni ɗiyarka ce daga Daura, malamar makaranta, kuma ni ce babba a gidanmu. Mahaifinmu ya rasu shekara uku ke nan. Ya bar mata biyu da mu 'ya'ya goma. Ɗakinmu maza uku mata biyu, ɗakin Inna, abokiyar zaman mahaifiyata, maza biyu mata uku. Iyayensa sun riga shi rasuwa. An raba gidaje da gonaki lafiya lau, amma kamfaninsa na sayen riɗi da zoɓo ba a taɓa shi ba. Aka ce a bar wa Baffa, ƙanensa, ya ci gaba da juyawa tunda tare suka fara. A takardun da na gani cikin akwatin Baba, wato mahaifinmu, hannun jarin miliyan ɗaya ne: Baba 600,000, Baffa 300,000, wani amininsa 100,000. Su ukun ne daraktoci.

Tun ranar ba mu ga lissafi ba. Duk wata Baffa kan aiko da ambulan na cefane ɗaki-ɗaki, da azumi kuma buhun shinkafa da na sukari. Ya sa ɗansa darakta a gurbin Baba bai tambayi kowa ba. Bara ya sayar da tirela ɗaya, ba mu san inda kuɗin suka shiga ba. Ɗayar an sake mata fenti da sunan sabon kamfanin ɗansa, in rana ta haska da safe ana iya karanta rubutun Baba a ƙarƙashi. Mutanen Dawanau da Baba ke kai wa kaya yanzu ɗan suke biya. Kwanan nan na ji ana cinikin sito. Da na yi magana ya ce ni mace ce, me na sani a kasuwa, in gode da yake ciyar da mu. Inna ta ce ba ruwanta, kada a toshe mata ambulan. Wani abokin aikina ya ce kotu na iya korarsa daga darakta kamar yadda aka kori shugabannin bankuna. Mahaifiyata kuwa kuka take, ta ce kada in kai ƙanen ubana kotu. Baba, me zan yi?

AMSA

Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah Ya jiƙan Alhaji, Ya sa ya huta, Ya albarkaci bayansa.

Sau biyu na karanta wasiƙarki, na biyun da biro a hannu. Lambobin nan da kika zuba a layi ɗaya kika wuce, su ne suka fi komai nauyi a cikinta. Zan zo kansu. Bari in fara sallamar abokin aikinki tukuna.

Abin da yake tunawa shi ne ranar 14 ga Agusta 2009, da Gwamnan Babban Banki na lokacin, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar a yini ɗaya. Babban Banki ne ya yi wannan da ikon da dokar bankuna ta ba shi, saboda ajiyar jama'a ce a hannunsu. Kamfanin riɗi ba shi da wani gwamna da zai wayi gari ya ce Baffa ya tattara. Dokar da ta shafe ku ita ce Dokar Kamfanoni ta 2020, wadda lauyoyi ke kira CAMA, wadda ɗan garinku marigayi Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 7 ga Agusta 2020. A cikinta ikon naɗa darakta da sauke shi na masu hannun jari ne. Kotu tana da hannu, hannu mai ƙarfi ma, amma ba ta son a fara da ita. Alƙali zai fara tambaya: ku masu kamfanin, kun zauna? Kun kira taro an hana ku?

Akwai wani abu da ke ruɗa gidajenmu da yawa, kuma ina jin shi ya sa aka raba gona aka tsallake kamfani. Daga ranar da aka yi wa kamfani rajista, doka na ɗaukarsa mutum ne mai zaman kansa, da dukiyarsa da bashinsa. Tirelar da ke da sunan kamfani ta kamfani ce, ko da Alhaji ne ya ƙirga kuɗinta da hannunsa. Abin da kuka gada shi ne hannun jarinsa 600,000. Wannan ne gadon, kuma shi ne har yau ba a raba ba. Saboda haka ƙofofi biyu ne gabanki. Rabon hannun jarin aikin kotun Shari'a ne kamar sauran gado. Rikicin tafiyar da kamfani kuwa, sashe na 251 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya keɓe shi ga Babbar Kotun Tarayya, wadda ke da zama a Katsina. Wanda ya kai ƙarar darakta kotun Shari'a ta Daura zai yi ta zirga-zirga wata da watanni, ƙarshe lauyan ɗaya ɓangaren ya miƙe ya ce kotu ba ta da hurumi, a koma farko.

Amma ki sake buɗe akwatin nan. Takardar mallakar filin da sito ke kai, sunan wa ke jiki? Takardun tirela fa? Yawancin attajiranmu na da ba su damu da wannan bambanci ba, sukan sayi abu da sunansu su sa kamfani ya yi aiki da shi. In siton da sunan Alhaji yake, to gado ne tsantsa, Baffa ba shi da ko bulo ɗaya a ciki, domin ɗan'uwa ba ya gado inda akwai ɗa namiji. A nan maganar ta alƙalin da ya raba muku gidaje ce, kuma ta fi sauri.

To, ga lissafin da na yi. Ki ɗauke shi a matsayin nawa, alƙali ne zai tabbatar, kuma na yi shi ne a kan cewa babu bashi babu wasiyya. Tumunin takaba daga 600,000 shi ne 75,000, iyayenku mata kowace 37,500. Saura 525,000. Maza biyar mata biyar kaso 15 ke nan, kowane kaso 35,000: mace 35,000, namiji 70,000. Ɗakinku maza uku mata biyu da mahaifiyarki, 317,500. Ɗakin Inna, 282,500. Baffa, 300,000. Amini, 100,000.

Ki dubi lambobin nan da kyau. Ɗakinku kaɗai ya fi Baffa. Sashe na 288 na CAMA ya ce masu hannun jari na iya sauke darakta da ƙuduri na yau da kullum, wato rinjayen ƙuri'un da aka kaɗa a taro, ko mene ne yarjejeniyar da ke tsakaninsa da kamfani. In ɗakuna biyu suka haɗu, 600,000 ne a kan 300,000, magana ta ƙare ba a taka ƙofar kotu ba. In Inna ta ce ba ruwanta da gaske, ita da 'ya'yanta suka zauna gida ba su kaɗa wa kowa ba, har yanzu kun rinjaye shi da 17,500, muddin Amini bai kaɗa masa ba. Babbar hanyar da Baffa ke tsira ita ce: ɗakin Inna ya kaɗa masa. Nan zai tashi da 582,500, ko Amini ya bi ku ba za ku kamo shi ba.

Kin ga ke nan alƙalin da kike nema yana cikin gidanku, tsakar gida ɗaya ce tsakaninku. Ina kuma kyautata zaton Baffa ya riga ki yin wannan lissafin. Mutumin da ke aiko ambulan ɗaki-ɗaki maimakon ya tara ku ya ajiye a tsakiya, ya san abin da yake yi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kada ki ga laifin Inna da sauri. Mace ce da 'ya'ya biyar, mai yiwuwa ƙanana sun fi yawa a ɗakinta, kuma ambulan ɗin nan shi ne abin da ta tabbatar zai zo ƙarshen wata. Ke kina da albashi. In kika shiga ɗakinta da maganar kotu da lauya, abin da za ta ji shi ne 'yar kishiya ta zo kashe mata tukunya. Ki bar maganar sauke Baffa a waje. Ki shiga da takarda ɗaya mai lamba ɗaya: Inna, ke da ƙannena kuna da 282,500 cikin miliyan, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na kamfanin nan naku ne, kusan daidai da na Baffa. Abin da ake aiko maki a ambulan, daga cikin naki ake tsakurowa. Ba na jin an taɓa gaya mata haka. Ki roƙe ta abu guda, ta yarda a nemi lissafi. Kuma kada ki tafi ke kaɗai. Babban ɗanta, ko wani yayanta da take jin maganarsa, ya fi ki iya faɗin wannan a kunnenta. Ki kuma shirya amsar tambayar da za ta yi, don za ta yi ta: in Baffa ya yi fushi ya daina aikowa, wa zai ba ni? In ba ki da amsa, ku zauna da ƙannenki maza ku samo ta kafin ki ɗaga labulenta.

Mutum na biyu da kika wuce da sauri shi ne Amini. Har yanzu darakta ne. Yana da ikon ganin littattafan kamfani, yana da ikon neman a kira taron daraktoci, kuma shirun da ya yi shekara uku bai wanke shi ba, domin amanar da ke wuyan Baffa tana wuyansa. Ki je ki gaishe shi gaisuwar ɗiya, ki yi masa tambaya ɗaya: Baba, an kira ka taron da aka naɗa yaron nan? An kira ka ranar da aka yanke sayar da tirela? Doka ta yarda daraktoci su cike gurbin wanda ya rasu kafin masu hannun jari su amince a babban taro na gaba, amma sai a taron da aka sanar da kowane darakta. Taron da aka ɓoye wa darakta ɗaya ba taro ba ne.

Wannan ƙa'idar ta sanarwa ba wasa ba ce, kuma takobi ce mai kaifi biyu. A 2002 hukumar daraktocin First Bank ta dakatar da shugaban bankin, Bernard Longe, sannan ta zauna ta sauke shi ba tare da ta aika masa sanarwar taron ba. Ya kai ƙara, ya faɗi a Babbar Kotun Tarayya, ya faɗi a Kotun Ɗaukaka Ƙara. A 2010 Kotun Ƙoli ta ce saukewar ba ta halatta ba, domin dakatarwa ba ta hana shi haƙƙin a sanar da shi. Banki ke nan mai tarin lauyoyi, takarda ɗaya ta kayar da shi bayan shekara takwas. Na kawo maki wannan ne don na san jinin samari. Ƙannenki za su so su tara kansu a zaure, su rubuta cewa sun kori Baffa, su sa sabon kwaɗo a sito. Ranar da suka yi haka sun ba shi shari'ar a hannu, shi zai zama wanda aka zalunta.

Yadda ake yi a tsanake shi ne a fara mayar da hannun jarin sunayenku. Muddin sunan Alhaji ne a rajistar kamfani, ƙuri'unku suna kabari tare da shi. Za ku koma a raba hannun jarin, ku sami takardar kotu, kuma galibi ana neman takardar ikon kula da dukiyar mamaci, lauya zai gaya maku wadda za ta yi aiki. Waɗanda ba su kai shekara 18 ba a cikinku, mai kula da rabonsu ne zai tsaya masu, kuma ki sa ido kada a ce Baffa ne wannan mai kulawar. In kamfani ya ƙi rubuta sunayenku, kotu na da ikon ba da umarnin gyara rajista. Kafin wannan duka, a nemo bayanin kamfanin daga Hukumar CAC mai yi wa kamfanoni rajista, ta intanet ake yi, ba tsada. Takardun akwati na iya zama tsofaffi. Ki ga su waye daraktoci yau, nawa ne hannun jarin kowa yau, ko an ƙara wasu an rubuta wa wani. A duba na kamfanin ɗan shi ma, a ga ranar da aka yi masa rajista da sunayen da ke ciki.

Daga nan masu kashi ɗaya cikin goma na jarin na iya rubuta wa daraktoci su kira taro na musamman, ɗakinku ya ninka haka sau uku. In kwana 21 suka wuce ba su motsa ba, ku da kanku za ku kira, cikin wata uku. Ƙudurin sauke darakta yana buƙatar sanarwa ta musamman ga kamfani, kwana 28 kafin taro, a aika wa Baffa kwafi, kuma yana da haƙƙin ya tsaya ya kare kansa a gabanku, da baki ko a rubuce. Ku bar shi ya yi magana har ya gaji. In an zo ƙuri'a, ku nemi a ƙirga bisa yawan hannun jari, kada a tsaya ga ɗaga hannu. Wadda ba za ta iya fita ba tana iya naɗa wakili a rubuce. Ya ce ke mace ce. To ƙuri'ar kamfani ba ta san rawani ba, ba ta san ɗankwali ba, 35,000 ɗinki 35,000 ne. A taron nan kuma ku naɗa wanda zai maye gurbi, a kai wa CAC sanarwa, a kai wa banki don a canza masu sa hannu. Wataƙila ya ce maku ƙaramin kamfani ba dole ne ya yi taron shekara ba. Gaskiya ne dokar 2020 ta sauƙaƙa wa kamfanin da cinikinsa bai wuce naira miliyan 120 a shekara ba kuma dukiyarsa ba ta wuce miliyan 60 ba. Wannan bai hana taron da masu jari suka nema ba, kuma da farashin riɗi na yanzu ina shakkar kamfani mai tirela ya tsaya a wannan layin.

Yanzu kotu. Yaushe ake zuwa?

Maganar sito ita ce ba ta jira. In cinikin gaskiya ne, ki ga lauya cikin makon nan, wanda ya san shari'ar kamfani, ba kowane mai baƙar riga ba. Sashe na 343 ya ba mai hannun jari damar neman kotu ta tsayar da abin da ya saɓa doka ko zamba ga kamfani ko ga marasa rinjaye. Tsayar da ciniki kafin a biya ya fi ƙwato gini daga hannun wanda ya saya ya riƙe takarda sauƙi nesa ba kusa ba. Sau da yawa ma wasiƙar lauya zuwa ga mai saye, cewa akwai magada kuma akwai jayayya, ta isa ta sanyaya masa gwiwa. Ba mai son ya sayi shari'a da kuɗinsa.

In kuma Inna ta bi Baffa kuka koma marasa rinjaye, dokar ba ta bar ku a rana ba. Sassa na 353 zuwa 355 sun ba da damar kai koke cewa ana tafiyar da kamfani ta hanyar danniya ko rashin adalci ga wasu masu jari, kuma sun haɗa da wakilin mamaci da wanda jari ya faɗo masa ta gado, ko da ba a riga an rubuta sunansa ba. In kotu ta gamsu, hannunta a sake yake. Tana iya tsara yadda za a tafiyar da kamfanin, ta hana mutum wani aiki, ta warware cinikin da aka ƙulla, ta sa CAC ta yi bincike, ta naɗa wanda zai riƙe kamfanin, ta sa wani ɓangare ya sayi jarin wani, ko ta rufe kamfanin gaba ɗaya. A nan ne ake iya raba darakta da kujerarsa da ƙarfin kotu. Kuɗin tirela da ribar da aka karkatar kuwa, kamfani aka cuta, shi ya kamata ya yi ƙara. Tunda wanda ake zargi shi ke riƙe da shi, sashe na 346 ya yarda ki nemi izinin kotu ki yi ƙara da sunansa, bayan kin sanar da daraktoci sun ƙi motsi. Abin da aka ƙwato asusun kamfani yakan koma. Hujjarki tana sassa na 305 da 306: darakta mai riƙon amana ne, ba ya cin ribar ɓoye, ba ya karkatar da cinikin kamfani ko dukiyarsa zuwa aljihunsa ko na wani, in ya yi sai ya dawo da abin da ya samu. Ɗaukar tirelar kamfani da masu sayen kayansa a miƙa wa ɗa, in ya tabbata, shi ne ainihin abin da waɗannan sassan suka hana.

Akwai hukunci mafi tsanani, na sashe na 280, inda kotu ke hana mutum zama darakta ko sa hannu a tafiyar da kowane kamfani har zuwa shekara 10. Wannan yakan biyo bayan an same shi da laifi a babbar kotu ne, ko an gano zamba wajen rufe kamfani. Hanyarsa ta 'yan sanda ce da EFCC da kurkuku. Ban ba ki shawarar ki bi ta ba, kuma ba na jin ita kike nema. Haka nan kada ko ɗaya cikinku ya kai maganar Facebook. Kalmar "ɓarawo" ɗaya a rubuce tana iya mayar da mai ƙara wanda ake ƙara.

Shari'a mace ce da ciki, kuma wannan cikin yakan daɗe. Riɗi kuwa ba ya jiran alƙali. Kaka biyu in suka wuce kamfani na kotu, dillalan Mai'adua da mutanen Dawanau sun kama wani, abin da za ku ci nasara a kansa sito ne da ɓeraye.

Wannan ya kawo ni ga abin da ba za ki so ji ba. In kun sauke shi, wa zai zauna a kujerar? Ke kina aji. A cikin ƙannenki akwai wanda zai damƙi riɗi a tafin hannu ya san an zuba masa yashi ko an jiƙa shi? Akwai wanda manoma za su ba kaya bashi don sun san fuskarsa? Wannan sanin yana kan Baffa, kuma ranar da ya fita da shi zai fita, da 300,000 ɗinsa a hannu, domin sauke darakta ba ya ƙwace masa jari. Sannan ban ji ta bakinsa ba. Yana iya fito da bashin da Alhaji ya bari wanda kuɗin tirela suka biya. Yana iya cewa shekara ashirin yana aiki ba a taɓa yanka masa albashi ba. Yana iya nuna maku cewa Alhaji ma daga aljihun kamfani yake cefane da aurar da 'ya'ya, ba a taɓa rubutawa ba, kuma da wuya ya zama ƙarya. Na taɓa zama a wani sulhu irin wannan a Katsina, magada sun zo da wuta, aka buɗe wani tsohon littafi mai bangon leda, sai ga rabin abin da suke kira sata da rubutun mahaifinsu. Ɗaya rabin kuwa sata ce, kuma an biya. Fentin tirela da karkatar da masu saye ba su da irin wannan uzurin a idona. Amma ki tafi neman lissafi, kada ki tafi da hukunci a jaka.

Shi ya sa nake ganin rinjayen nan, in kin same shi, ki riƙe shi kamar sanda a bayan ƙofa. Ku tara ƙuri'unku, ku aika sanarwar taro yadda doka ta ce, sannan a cikin kwana 28 ɗin nan manya su shiga: Amini, limamin da ya yi wa Alhaji salla, hakimi in ta kama. Bambancin wannan zama da na baya shi ne yanzu Baffa ya san ranar taro na zuwa. A zaman ku nemi akanta na waje wanda ɓangarorin biyu suka yarda da shi ya duba shekara ukun nan, da bayanin asusun banki tun daga watan rasuwa. A mayar da tirela ko a biya hayarta. A sa mutum ɗaya daga kowane ɗaki cikin daraktoci, kuɗi kada su fita sai da hannu biyu. A yanka wa Baffa albashi bayyananne, ambulan ya koma rabon riba mai rasit. In ya ce shi ba zai yi aiki ana leƙa masa littafi ba, to a yi wa kamfanin kuɗi ya sayi naku, ko ku riƙe sito ku ba shi haya. Ga marayu da gwauraye biyu, hayar sito mai shigowa duk shekara ta fi kujerar darakta da ba wanda ya iya zama a kai. Duk abin da aka amince a rubuta, kowa ya sa hannu, in akwai ƙara a gaban kotu a kai mata ta mayar da shi hukuncinta. Sulhun baki da fatiha kaɗai shi ya kawo ku inda kuke.

Mahaifiyarki kuma ki bi ta a hankali. Tsoronta kada a ce ɗakinta ne ya raba zumunci, kuma a gari irin Daura wannan magana tana bin mutum har jikoki. Ki gaya mata ba kotu za ki ba, taro za ki kira, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ki tuna mata akwai marayu ƙanana a cikin masu wannan dukiya, waɗanda ita ma ba ta da ikon yafe haƙƙinsu, ke ma ba ki da shi. Aya ta 10 ta Suratun Nisa'i ta san ta, ta san abin da ta ce a kan masu cin dukiyar marayu. In akwai mai ƙaunar Baffa a gidan nan, shi ne wanda zai sa ya yi lissafin a nan. In ta ce a bar wa Allah, ki ce mata to, amma ta sa hannu a takardar wakilci.

Gobe da safe kafin ki wuce makaranta, ki biya inda tirelar ke kwana, lokacin da rana ke fito da rubutun Alhaji. Ki ɗauki hotonta, da lambarta a jiki, gaba da baya. Lauya zai tambaye ki, kuma fenti na biyu ba ya da tsada.